Kasane, garin bakin kogin Chobe: tambayoyi da amsoshi ga mai son ganin namun daji

Kasane ƙaramin gari ne a ƙuryar arewa maso gabashin Botswana, amma duk wanda ya fara binciken inda zai ga giwaye a Afirka ba ya daɗewa bai ci karo da sunansa ba. Ga tambayoyin da mai shirin tafiya daga ƙasashenmu ya fi buƙatar amsarsu kafin ya sayi tikiti.

Ina Kasane yake, kuma me ya sa ƙaramin gari ya yi suna haka?

Garin ya miƙe ne a gaɓar kudu ta kogin Chobe, tsallaken ruwan kuma Namibiya ce. A ƙidayar 2011 mutanensa ba su wuce dubu 9 da 'yan kai ba. Shi ne hedikwatar gundumar Chobe, don haka akwai asibiti, bankuna, gidajen mai, manyan kantuna da filin jirgin sama. Abu biyu suka ɗaga shi. Na farko, ƙofar shiga gandun dajin Chobe, wadda ake kira Sedudu, tana bakin garin, 'yan mintuna ne a mota. Na biyu, kilomita kaɗan gabas da shi akwai Kazungula, inda Chobe ke zuba cikin kogin Zambezi, inda kuma iyakokin ƙasashe huɗu suka kusa haɗuwa wuri guda: Botswana, Namibiya, Zambiya da Zimbabuwe. Mutum zai iya karya kumallo a Botswana, ya ci na rana a Zimbabuwe, ya dawo ya kwana inda ya tashi.

Kogin kansa daga tsaunukan Angola ya taso. A can Kwando ake ce masa, ya zama Linyanti a tsakiya, sai da ya kusa ƙarshen tafiyarsa ya karɓi sunan Chobe. Idan Zambezi ya cika ya batse, wajen Maris zuwa Mayu, yakan turo ruwa cikin Chobe har a ga kogin yana gudu da baya.

Me ya tara giwaye a nan fiye da sauran wurare?

Ƙishirwa. Botswana ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan giwaye, kimanin dubu 130, kuma mafi yawansu a arewacin ƙasar suke. Ƙasar wurin yashin Kalahari ce, ba ta riƙe ruwa. Da damina tafkuna kan cika a cikin daji, giwaye su watsu ko'ina. Da rani ya kama, tafkunan su ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya rage sai kogi. Babbar giwa tana shan fiye da lita 100 a rana, saboda haka dole ta gangaro, ita da 'ya'yanta da duk garken.

Gandun dajin Chobe shi ne na farko da Botswana ta kafa jim kaɗan bayan samun 'yancin kai a 1966, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita dubu 10. Ba a kewaye shi da waya ba. Giwa takan tashi daga gandun dajin Hwange na Zimbabuwe, ta ratsa Chobe, ta haye ruwa ta shiga Namibiya, ba wanda ya tare ta. Wannan zirga-zirgar ce ta sa ƙasashe biyar, wato waɗancan huɗun da Angola, suka sa hannu a 2011 kan yarjejeniyar KAZA don su riƙa kula da dajin a matsayin abu ɗaya. Ofishin yarjejeniyar a Kasane yake.

Jirgin ruwa zan hau ko motar shiga daji?

Idan da hali, duka biyun. Idan kuwa ɗaya za a zaɓa, a ganina jirgin ruwa ne, kuma ba na jin akwai gardama a nan. Motar kallon dabbobi akwai ta a Kenya, akwai ta a Tanzaniya, akwai ta a Afirka ta Kudu. Abin da Kasane ya fi su da shi shi ne ruwan.

Jiragen kan tashi ne wajen ƙarfe uku na yamma, su yi kamar awa uku, su dawo da faɗuwar rana. Lokacin ke nan da garke ke saukowa daga tudu. Dabba ba ta tsoron abin da ya zo mata ta ruwa yadda take tsoron mota, don haka matuƙi kan kashe inji ya bar jirgin ya sulale har kusa. Daga nan za ka ga abin da hoto ba ya nunawa. Giwa ta kan tumɓuke ciyawa da haurenta da hancinta, ta kaɗa ta cikin ruwa hagu da dama har laka ta zube, sannan ta kai baki. Jaririn da bai iya sarrafa hancinsa ba kuwa durƙusawa yake yi ya sha da baki. In garke zai haye zuwa tsibiri, manya kan sa ƙanana a tsakiya, su shiga ruwa har su nutse gaba ɗaya, ba a ganin komai sai kan hanci a sama suna numfashi da shi. Su fito a ɗaya gaɓar jikinsu ya yi baƙi wuluk, nan take su fara watsa wa kansu ƙasa.

A wannan fitar ce kuma za ka ga dorina da rana tsaka tana kiwo a tsibiri, abin da ba ta cika yi a wasu wurare ba, ga kada kwance baki buɗe, ga ɓauna ɗaruruwa, ga guza yana bin gaɓa yana neman ƙwai.

Shawara ɗaya kan jirgi: nemi ƙarami. Manyan masu hawa biyu suna da araha da wurin zama, amma ba sa shiga lungu, kuma hayaniyar mutane ta yi yawa. Ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum goma ko ƙasa da haka yana kai ka inda babba ba ya zuwa.

Mota kuwa ta asuba ce ta fi. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 6 daga Afrilu zuwa Satumba, ƙarfe 5 da rabi daga Oktoba zuwa Maris. Zaki da damisa da kura da dare suke harkarsu, sai wanda ya yi sammako ke riskar su kafin su shige inuwa.

Waɗanne dabbobi zan gani, wanne kuma kada in sa rai?

Giwa, dorina, kada, ɓauna, raƙumin dawa, gadu, gwaggon biri da barewar impala, waɗannan da wuya ka kwana biyu ba ka gan su ba. Zaki ana yawan ganinsa, amma ba alkawari. Damisa da karnukan daji sai mai rabo. Jakin dawa da rani ya fi bayyana, musamman can wajen Ngoma, yamma da Kasane a kan iyakar Namibiya. Akwai kuma wata barewa ja da ake kira puku, wadda a duk Botswana sai a fadamar Chobe ake samunta. Tsuntsaye sun haura iri 450, kuma kukan gaggafar da ke kamun kifi shi za ka fi ji a kan ruwa.

Karkanda dai kada ka sa rai. Duk wanda ya ce zai nuna maka ita a bakin Chobe, kuɗinka yake so. In ganinta ya dame ka, akwai 'yan kaɗan da ake gadi dare da rana a gandun Mosi-oa-Tunya kusa da Livingstone ta Zambiya.

Wane wata ya fi dacewa?

Lokutansu kishiyar namu ne. Sa'ad da muke cikin damina, su suna rani, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma lokacin ne dabbobi suka fi taruwa a kogi. Yuni da Yuli sanyi ne sosai da asuba, balle a buɗaɗɗiyar mota tana tafiya, don haka a ɗauki rigar sanyi da hula da safa, kada a ce ai Afirka ce. Agusta da Satumba sun fi daidaito. Oktoba zafi ne mai tsanani, yakan kai digiri 40, amma a watan ne garke ya fi cika gaɓa.

Ruwan sama kan sauka daga Nuwamba zuwa Maris. Giwaye na raguwa a bakin kogi, daji ya yi kore, barewa ta haihu, tsuntsaye masu ƙaura su iso, masauki kuma ya yi sauƙi. Wanda kuɗinsa bai kai na rani ba kada ya raina wannan lokacin.

Yaya ake zuwa daga Najeriya ko Nijar, kuma wace takarda ake nema?

Babu jirgi kai tsaye. Hanya ɗaya ita ce a bi ta Johannesburg, daga can a hau jirgin da ke sauka Kasane. Ɗayar kuma a bi ta Adis Ababa ko Nairobi zuwa garin Victoria Falls ko Livingstone, sannan a ƙarasa da mota, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Hanya ta biyu tana nufin shiga wata ƙasa kafin Botswana, kowace kuwa da nata sharaɗin biza.

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Botswana, a neme ta tun daga gida, kada a bari sai an isa iyaka. Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Mai tafiya da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ya riƙe takardar haihuwarsa, in kuma ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai ke tare da shi, ya haɗa da takardar amincewar ɗayan. Za ka ji ana maganar wata biza ta haɗin gwiwa tsakanin Zambiya da Zimbabuwe wadda ke ba da damar leƙa Botswana na yini guda. Ba kowane fasfo aka yarda ya same ta ba, a duba jerin ƙasashen kafin a dogara da ita.

Agogonsu yana gaba da namu da awa ɗaya.

Na ji ana zuwa daga Victoria Falls a dawo a yini ɗaya. Ya isa?

Ana yi, kuma mutane da yawa haka suke yi. Ni ban ba da wannan shawarar ba. Mai zuwa na yini guda sai ya gama da jami'an iyaka kafin ya iso, ya hau jirgi da hantsi lokacin da giwaye ba su sauko ba, ya shiga daji da rana tsaka lokacin da komai ya fake a inuwa, sannan a kwashe shi a mayar kafin a rufe iyaka, daidai sa'ad da kogin ke fara cika da dabbobi. Asuba da yamma su ne Chobe, shi kuwa ya rasa duka biyun. Kuɗinsa ma mafi yawa a can inda ya kwana suka tsaya, garin da ya ɗauki nauyin zama da dabbobin bai amfana da shi sosai ba.

Kwana biyu ne mafi ƙaranci, uku ya fi.

Da gaske ne dabbobi na yawo cikin gari?

Da gaske ne. Gadu na kiwo a gefen titi gaban kantuna, ya durƙusa kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, mutane na wucewa da kayan cefane ba mai kallonsa. Birai kan buɗe kwandon shara, kuma sun san tagar da ba a rufe ba. Da dare giwa da ɓauna kan ratsa unguwanni su nufi ruwa, dorina kuma ta hau ciyawar masaukai.

Saboda haka akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Ba a tafiya a ƙasa bayan magariba, ko da masaukin na kusa, a hau tasi. Ba a ba biri abinci. Ba a wanka a kogi, ba a tsayawa daf da ruwa, kuma wannan ya shafe mu musamman: kada lokacin sallah ya yi ka ce bari in gangara in yi alwala a gaɓa. Kada ba ya nuna kansa kafin ya kama. A riƙe gorar ruwa. In aka haɗu da giwa a mota, a tsaya nesa, kada a danna ham, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Yankin na da zazzaɓin cizon sauro, ya fi yawa da damina. Mu mun san shi, amma sani ba ya hana kamuwa.

Su mutanen garin yaya suke ji da zama da giwaye haka?

Wannan ita ce tambayar da na fi so baƙo ya yi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Basubiya, mutanen da suka daɗe a wannan gaɓar, masunta ne da manoma da makiyaya. Yammacin Kasane akwai ƙauyuka irin su Mabele, Kavimba, Kachikau, Satau da Parakarungu, waɗanda gandun daji da kogi suka yi wa zobe. Manomi a can yakan yi wata uku yana wahala da gonar masara ko dawa, garke ya shiga a dare ɗaya ya bar masa kara. Zaki kan ɗauki saniya daga garke. Ana rasa rayuka, wani lokaci mutum yana kan hanyar zuwa aiki ne da sassafe. Gwamnati na biyan diyya, amma manoma sun daɗe suna kukan ba ta kai asarar ba kuma tana jinkiri. Wasu kan shafa dakakken barkono da baƙin mai a tsumma su rataye a shinge, ko su ƙona shi da kashin giwa, domin giwa ba ta son yaji. Yana taimakawa, bai kawar da matsalar ba.

A nan ne maganar farauta ta shigo. A 2014 gwamnatin shugaban Botswana na lokacin, Ian Khama, ta hana farautar namun daji. A Mayun 2019 magajinsa Mokgweetsi Masisi ya ɗage haramcin, a watan da shugabannin yankin suka yi taro kan giwaye a Kasane ɗin nan. Ƙungiyoyin kare dabbobi na Turai da Amurka sun yi ca a kansa. A 2024, da Jamus ta yi maganar tsaurara shigo da kayan farauta, Masisi ya ce zai aika mata giwaye dubu 20 ta gwada zama da su. Mutane na iya saɓani kan ko farauta ita ce mafita, masana ma sun saɓa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ya zo kallo na kwana uku ya tsaya yana yi wa manomin Kachikau wa'azi kan darajar giwa. Giwayen nan sun yi yawa ne domin mutanen nan sun haƙura da su shekara da shekaru.

A ɗaya ɓangaren kuma, yawon buɗe ido ne ke ciyar da Kasane. Matuƙan jirgi, direbobi, masu dafa abinci, masu saƙa kwando, masu gadi, duk a kan dabbobin nan suke ci. Baƙon da yake son a amfana da zuwansa ya ɗauki ɗan jagora na gari, ya sayi kaya hannun wanda ya yi su, ya kuma yi gaisuwa kafin ya tambayi komai. Ana ce wa namiji "Dumela rra", mace "Dumela mma". Suna ɗaukar gaisuwa da muhimmanci ƙwarai.

Me ya sa aka kafa tuta a tsibirin da ke tsakiyar kogi?

Tsibirin Sedudu ke nan, Namibiya na kiransa Kasikili. Bai wuce murabba'in kilomita 5 ba, kuma ruwa kan shanye shi watanni a shekara. Ƙasashen biyu sun yi jayayya a kansa, domin yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1890 ta ce iyaka ita ce babban reshen kogin, ba ta fayyace wanne ba ne cikin biyun da suka kewaye tsibirin. Maimakon faɗa sai suka kai ƙara Kotun Duniya, a Disambar 1999 ta yanke cewa reshen arewa ne babba, tsibirin ya zama na Botswana, shi ya sa tutarta ke kansa. Ba a gina komai a kansa ba, an bar wa dabbobi.

Abinci fa? Musulmi zai samu abin da zai ci?

Zai samu. Kifi ya wadata, musamman karfasa. Tuwon masara da na dawa su ne abincin gida, ana ci da ganye ko da seswaa, naman sa da aka dafa da gishiri har ya yi laushi sannan aka daka. Musulmi 'yan tsiraru ne a Botswana, don haka a tambayi yadda aka yanka nama, kada a ɗauka. A wasu masaukai ana jera naman daji iri-iri a teburin dare, har da na gadu, a tambayi sunan kowanne kafin a ɗiba. In ka sanar da masauki tun kafin ka iso, yawanci suna shiryawa.

Alƙibla a can ba gabas take ba yadda muka saba. Arewa ake fuskanta, a ɗan karkata gabas.

Tafiyar na da tsada?

Botswana da gangan ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da yawa, shi ya sa sansanonin cikin Okavango, babbar fadamar arewa maso yammacin ƙasar, suka fi ƙarfin yawancin mutane. Kasane ne wurin da mai matsakaicin hali zai iya shiga. Akwai manyan otal a bakin ruwa, akwai ƙananan gidajen baƙi a tudun garin da Kazungula, akwai filin kafa tanti. Kana iya kwana a mai araha ka biya kuɗin jirgi da mota daban, giwar da mai babban otal zai gani ita za ka gani. Kuɗinsu pula ne, kati na aiki a yawancin wurare, dala kuma na da amfani a iyaka. Kuɗin shiga gandun daji a kan kowane yini ake biya, a tambaya ko yana cikin farashin da aka faɗa maka.

Zan iya hayar mota in tuƙa da kaina?

Za ka iya, amma cikin daji sai mota mai jan ƙafa huɗu, domin yashi ne mai zurfi. A hagu ake tuƙi. Ba a sauka daga kan hanya, ba a fita daga mota sai wuraren da aka keɓe, ba a wuce kilomita 40 a awa, kuma dole a fita kafin a rufe ƙofa. Titin Nata zuwa Kasane, kimanin kilomita 300, kwalta ce, amma giwaye na tsallaka ta, kada a bi ta da dare. A kan hanya akwai shingayen jami'an lafiyar dabbobi saboda cutar baki da kofato, suna iya karɓe ɗanyen nama su sa ka taka magani da takalmi. Wanda bai taɓa tuƙi a yashi ba gara ya bi ɗan jagora, shi ne ma ya san sawu.

Muna da Yankari, me zai kai ni har can?

Yankari tamu ce, kuma wanda bai je ba ya fara da ita. Amma giwayen da suka rage a can ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma an farauce su har sun koyi ɓuya. A Chobe kana iya ganin fiye da haka a yammaci ɗaya. Ga ma'aikacin gandun daji ko ɗalibi ko mai riƙe da muƙami daga ƙasashenmu, amfanin zuwa ya wuce kallo: zai ga yadda gari guda ke rayuwa a kan dabbar da aka bari da rai, ya kuma ga irin nauyin da hakan ke ɗora wa manomi.

A cikin garin akwai abin gani? Daga nan kuma sai ina?

A harabar ofishin 'yan sanda akwai tsohuwar kuka mai rami a ciki wadda aka taɓa tsare fursunoni a cikinta zamanin mulkin mallaka. Masu son kamun kifi kan fita neman tsage a wajen duwatsun da ke ƙasa da garin. A Kazungula kuma akwai gadar da aka buɗe a Mayun 2021, mai tsawon mita 923, wadda ta maye gurbin jirgin fito da manyan motoci kan yi kwanaki suna jira. An lanƙwasa ta ne don kada ta taɓa yankin Zimbabuwe ko na Namibiya.

Mai sauran kwanaki yana da zaɓi uku. Gabas akwai matsirgar Victoria, inda Zambezi mai faɗin kusan mita 1,700 ke faɗawa rami mai zurfin fiye da mita 100, ruwan ya fi ƙarfi a Afrilu da Mayu. Yamma, ta gadar Ngoma, ana shiga Namibiya. Kudu maso yamma kuma hanyar yashi ce zuwa Savuti a cikin gandun Chobe, wadda zakunanta suka yi suna wajen kayar da giwa, daga can a wuce gandun dajin Moremi har garin Maun a bakin Okavango. Wannan ta ƙarshe babu gidan mai a mafi yawanta, kuma wuraren kwana a cikin daji kaɗan ne, ana kama su watanni kafin rani ya shigo.